Baƙuwar Kufena

Ƙarshen damina na hau Kufena,
akuyata ce ta tsinke igiya.
Ban gan ta ba, da magariba ta koma gida da ƙafarta.
Abin da na gani, a wata tsaga inda dutse ke zufa,
'yar ciyawa ce, ba ta wuce tsawon manuniyata ba,
furenta shuɗi-shuɗi, kamar bular da ta sha wanki uku.

Shekara ashirin da shida ina lambu a bakin Kubanni.
Na san lansir, na san tafasa tun tana kunne biyu,
na san ƙuduji mai kashe dawa yana ado,
amma wannan ba mu taɓa gaisawa ba.

Na durƙusa na ƙirga.
Ganye biyu-biyu suna fuskantar juna
kamar masu cin tuwo a akushi ɗaya.
Kara siriri, tsinken tsintsiya ya fi shi jiki.
Fure kunne huɗu,
wanda bai buɗe ba a murɗe yake kamar lagwani.
Na tsinki ganye na ɗora a harshe.
Kai! Maɗaci ma ya sara mata.

Na kai wa Iya Kande mai saiwoyi a Tudun Wada.
Ta juya, ta shinshina, ta daɗe ba ta ce komai ba.
"Kakata ta taɓa nuna min irinta," in ji ta,
"sunan kuwa ya bi ta kushewa."

Na koma bayan sati uku na karkaɗe 'ya'yanta a takarda,
ƙanana, sai ka rantse garin barkono ne.
Da ruwa ya sauka na yi mata gata:
ƙasar fadama, kashin kaji, inuwar mangwaro.
Ta tsiro, ta dube ni kwana tara, ta ruɓe.
Yalwa ta ce, "Malam, ko ta rayu ba a miya da ita."
Na yi shiru, don gaskiya ta faɗa.

Baɗi na sake, da ragowar irin.
Na ɗebo tsakuwar dutsen a buhu, na zuba a kasko,
na ɗora tsagaggiyar randa a sama tana ɗiga,
ɗis, ɗis, yadda dutsen ke yi mata.
Ba taki. Rana tun daga hantsi.
Ashe talauci ta saba da shi,
ni ne na kashe ta da alheri.

Bakwai suka tsiro, huɗu suka yi fure.
Na danne ɗaya cikin tsohuwar jarida a ƙarƙashin katifa,
na hau a-kori-kura zuwa Samaru,
ɗakin da ake ajiye busassun ganyaye a akwatuna.
Malam Barau ya sa tabarau, ya ɗora wani gilashin a kai,
ya buɗe akwati uku kafin ya ce, "Yawwa.
Dangin masu ɗaci ce, janshiyan ake ce musu."
Ya rubuta min sunanta na Latin,
dogo, ya ninka ta tsawo.
Na karanta sau biyu, harshena ya harɗe.
Ya tambayi inda na samo ta da ranar,
ya rubuta sunana a gefen takardar, Tanimu Mai Lambu.
Ban taɓa ganin sunana kusa da Latin ba.

Yanzu kaskon yana bayan madafa.
Jikata Ladidi tana kiran ta Ɗaci-shuɗi,
ni ma na bi ta, ya fi sauƙin faɗa.
Jiya akuyar nan ta sake tsinkewa.
Ta cinye min alayyafo kunya guda,
ta zo kan kaskon, ta kai baki,
ta yi atishawa, ta wuce.